Yadda ake gurfanar da Jangis Khan a kotun aji, mataki-mataki

Tun da labari ya bazu cewa ɗalibaina sun yi wa Jangis Khan, sarkin da ya kafa daular Mongol, shari'a a cikin aji, abokan aiki ba su bar ni na huta ba. Wannan ya tambayi nawa aka kashe, wancan ya tambayi darasi nawa abin ya ci, wata malama kuma ta ce ita tsoronta kada zaman ya rikiɗe ya zama hayaniya. Sau uku na yi wannan shari'a. Ta farko ta watse, kuma laifina ne. Biyun baya sun tsaya da ƙafafunsu. Ga tsarin da nake bi yanzu. Na gina shi a kan aji mai ɗalibai 50 na babbar sakandare da darasi mai minti 40, sai kowa ya rage ko ya ƙara daidai da ajinsa. Yana shiga darasin tarihi, da tarihin Musulunci, da zaman ƙungiyar muhawara. Ku ware masa mako biyu.

1. Ku zaɓi mutum ɗaya da yaƙi ɗaya

Abin da ya kashe shari'ata ta farko jimla ɗaya ce da na rubuta a allo: "Shin Mongol alheri ne ga duniya ko sharri?" Masu ƙara suka tashi suna ƙirga gawarwakin Naisabur na 1221. Masu kariya suka tashi suna yabon kuɗin takarda a ƙasar Sin zamanin Kublai Khan, jikan Jangis, bayan shekara hamsin. Kowa na gaskiya, amma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba har aka kaɗa ƙararrawa. Daular da aka kafa a 1206, wadda dawakinta suka taka daga Koriya har Hungari, ba ta shiga akwatin wanda ake tuhuma. Mutum ake sakawa a ciki.

Shari'o'in da ke da isassun hujjoji uku ne: Jangis Khan da yaƙin daular Hawarizm ta tsakiyar Asiya daga 1219 zuwa 1221, jikansa Batu da rushe birnin Kiyef a 1240, sai wani jikan nasa Hulaku da faɗuwar Bagadaza a 1258. Ni ta farko nake ba da shawara, kuma a kanta na gina sauran wannan jagora. Dalilina biyu. Masu kariya suna da abin riƙewa na gaske, domin ba haka kawai Jangis ya far wa ƙasar ba. Sannan garuruwan ba baƙi ba ne a kunnen yaranmu: Buhara, Naisabur, Tirmiz. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji Bukhari da Muslim da Tirmizi, sai dai bai taɓa tunanin garuruwansu sun ga irin wannan rana ba.

Gargaɗi: Bagadaza tana da jan hankali, amma akwai rami a cikinta. Ba za a yi nisa ba sai an zo kan waziri Ibn Alƙami, wanda wasu marubutan tarihi suka zarga da cin amanar Halifa Musta'asim, wasu kuma suka wanke shi. Da yake shi ɗan Shi'a ne, kafin ku ankara aji ya bar Hulaku ya koma musun aƙida. Sai wanda ya san ajinsa ciki da bai ya taɓa ta.

Gargaɗi na biyu: tun ranar farko ku warware sunaye a allo. Littattafan Larabci "Tatar" suke ce wa Mongol, alhali Tatar wata ƙabila ce da Jangis ɗin kansa ya murƙushe kafin ya zama babban sarki. Taimur Lang daban ne, ya zo bayan fiye da ƙarni guda. Sarakunan Mughal na Indiya ma daban. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwana yana haɗa hujja a kan Taimur, ya zo kotu da ita a kan Jangis.

2. Ku rubuta takardar tuhuma da hannunku

Nan ne shari'ar take rayuwa ko ta mutu, don haka kada ku bar wa ɗalibai. Tuhuma mai kyau tana da wuri, da shekara, da aiki guda da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. Uku sun isa:

Tuhuma ta ɗaya: cewa a 1219 wanda ake tuhuma ya ƙaddamar da yaƙi a kan ɗaukacin daular Hawarizm saboda laifin da mutum biyu suka yi, wato gwamnan Utrar da sarkinsa.

Tuhuma ta biyu: cewa a 1220 ya kora kamammun mutanen Buhara gaban rundunarsa zuwa Samarƙandu, ya mai da su garkuwa da masu cike ramin ganuwa.

Tuhuma ta uku: cewa a 1221 rundunarsa, ƙarƙashin ɗansa Tolui, ta karkashe mutanen Marwa bayan sun miƙa wuya an yi musu alkawarin aminci.

Ku lura kowace tuhuma tana da ƙofar da masu kariya za su bi. A ta ɗaya za su kawo Utrar. A 1218 ayarin fatake kimanin 450 daga ƙasar Jangis, akasarinsu ma Musulmi, ya sauka a garin. Gwamna Inalcuk ya ce 'yan leƙen asiri ne, aka kashe su, aka kwashe kayansu. Jangis ya aika manzanni uku wurin Sarki Muhammadu na Hawarizm yana neman a miƙa masa gwamnan. Aka kashe ɗaya, aka aske gemun biyun, aka kora su gida. Wata ɗaliba da ke jagorantar kariya ta buɗe jawabinta da cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, aji ya ɗauki shewa, ni kuma na san ta gane shari'ar. A ta uku kuwa za su ce Jangis ba ya Marwa, ɗansa ne ya ba da umarni. Wannan zai tilasta wa masu ƙara su tabbatar cewa shugaba na ɗaukar alhakin abin da kwamandansa ya aikata, kuma wannan muhawara ita kaɗai ta biya kuɗin sabulu.

Sai babbar tambaya, wadda dole a rubuta amsarta a ƙasan takardar: da wace doka za a yi hukunci? Idan kuka yi shiru, lauyan kariya mai wayo zai miƙe ya ce Yarjejeniyar Jeniba kan dokokin yaƙi ta 1949 ce, yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ce, ba a hukunta mutum da dokar da aka kafa shekara ɗari bakwai bayan mutuwarsa. Kuma ya yi daidai. Abin da nake rubutawa shi ne: "Kotu za ta auna wanda ake tuhuma da ma'aunin da mutanen zamaninsa suka sani, har da nasa." Mongol da kansu suna ɗaukar taɓa manzo babban laifi, suna kuma shelar cewa garin da ya miƙa wuya ya tsira. To, Marwa ta miƙa wuya. Da wannan ma'auni babu ɓangaren da ya ci kafin a fara.

Gargaɗi: kada kalmar "dabbanci" ko "rashin imani" ta shiga takardar tuhuma. Hukunci ne aka riga aka yanke, ba tuhuma ba.

3. Kundin hujjoji

Ku haɗa shafi goma, kada ya wuce. Shafi ɗaya taswira, wadda ko da hannu aka zana ta ya isa muddin akwai Utrar, Buhara, Samarƙandu, Marwa, Naisabur, Hirat da tekun Kasfiyan. Shafi ɗaya jerin shekaru. Sauran takwas gajerun bayanai ne daga marubutan zamanin, kowanne da lambarsa, Hujja ta 1, Hujja ta 2, har zuwa ƙarshe. Ƙa'idar kotun ita ce ba a faɗin abin da babu shi a kundi, kuma duk lauyan da ya kawo magana sai ya faɗi lambarta.

A saman kowace hujja ku rubuta layi uku: wane ne marubucin, ina yake lokacin da abin ya faru, wa ke ciyar da shi. Waɗannan layuka uku su ne ainihin darasin tarihin da kuke son koyarwa, kotun hanya ce kawai. Ibn Asir yana Mausil, bai ga yaƙin da idonsa ba, daga bakin 'yan gudun hijira ya ji, kuma shi da kansa ya ce ya daɗe yana ƙin rubuta labarin don nauyinsa. Juwaini, wanda ya fi kowa ba da bayani dalla-dalla, ba a ma haife shi ba sai 1226, kuma ma'aikacin Mongol ne, har ya zama gwamnansu a Bagadaza. Juzjani ya ga wani ɓangare na yaƙin, ya gudu Indiya, can ya yi rubutunsa a Delhi, a fadar abokan gabar Mongol. Kowannensu na da inda za a kama shi.

Ku sa alƙaluman Marwa kusa da juna a shafi ɗaya. Ibn Asir ya ce mutum 700,000 aka kashe. Juwaini ya ce fiye da 1,300,000, wai an kwana goma sha uku ana ƙirga. Kada ku yi sharhi, ku bar ɗalibai su ga tazarar da kansu. Masu kariya za su ce ga shi an yi ƙari. Masu ƙara masu kaifi za su amsa cewa tuhumar ba a kan adadi take ba, ko dubu goma ne an kashe su bayan alkawari.

Akwai hujjoji biyu da nake so ƙwarai don ba daga masu fushi suka fito ba. Wani malamin addinin Tao daga Sin, Cangcun, wanda Jangis ya gayyata da girmamawa, ya bi ta Samarƙandu a ƙarshen 1221, almajirinsa kuma ya rubuta cewa daga gidaje sama da 100,000 kashi ɗaya cikin huɗu ne suka rage. Sai Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratsa yankin fiye da shekara ɗari bayan yaƙin, ya tarar da mafi yawan masallatai da makarantu da kasuwannin Buhara a rushe, Balkh kuwa kufai. Shi ne dai matafiyin da daga baya ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yau, abin da kan sa yara su ƙara kasa kunne.

Kada ku manta da abincin masu kariya. Ku sa musu cewa Hirat ta miƙa wuya a 1221 aka bar mutanen gari, sai da ta yi tawaye aka rushe ta a shekara mai zuwa. Ku sa cewa Sarki Muhammadu da kansa ya yi wa Samarƙandu kisan gilla a 1212 lokacin da ta bijire masa, wato ba Jangis ya ƙirƙiro irin wannan yaƙi ba. Ku sa cewa a Naisabur kibiyar mutanen gari ce ta fara kashe surukinsa Tokucar. A jerin shekaru kuma ku saka, ba tare da jan layi a ƙarƙashi ba, cewa Sarki Muhammadu ya mutu a wani tsibiri na tekun Kasfiyan wajen ƙarshen 1220, kafin a karkashe mutanen Marwa da Naisabur. Ajin da ya gano wannan da kansa ya cancanci tafi: idan mai laifin ya riga ya mutu, fansar wa ake ɗauka a 1221?

Gargaɗi: intanet cike yake da kalaman da aka jingina wa Jangis Khan waɗanda babu tushensu, da adadin "miliyan arba'in" da ake yawo da shi kamar an ƙirga, alhali ƙiyasi ne. Duk abin da ɗalibi ya samo a waya ya kawo muku kwana uku kafin zama. In kun amince, a ba shi lamba, a ba ɗaya ɓangaren kwafi. Ba a yarda da hujjar bazata ba.

4. Rabon aiki

Alƙali ɗaya, magatakarda ɗaya, mai agogo ɗaya, ɗan sandan kotu ɗaya. Lauyoyi huɗu a kowane ɓangare. Shaidu huɗu a kowane ɓangare, Jangis shi ne na huɗun masu kariya. Kowane shaida da mai taya shi shiri, wanda kuma zai maye gurbinsa in bai zo ba. Majalisar hukunci mutum 11, mara ne da gangan don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Sauran 11 'yan jarida ne, kowannensu zai miƙa rahoton shafi ɗaya washegari.

A raba ɓangarori da ƙuri'a, takardu a cikin hula. In kuka bar su su zaɓa, duk masu baki za su tafi ƙara, a bar kariya da waɗanda ba su ɗaga hannu da wuri ba. Wani zai zo ya ce shi ba zai kare wanda ya ƙona garin Imamu Bukhari ba. Ku gaya masa lauya ba mai yabo ba ne, aikinsa ya tabbatar ba a hukunta kowa da jita-jita ba. Galibi irin wannan yaron ne ke zama lauyan da ya fi kowa.

A zama na farko ku riƙe kujerar alƙali da kanku. Na taɓa ba wa ɗalibi, abokansa suka yi ta yi masa ido har ya kasa tsawatarwa.

5. Katin shaida

Kowane shaida na samun shafi ɗaya: wane ne shi, me ya gani da ido, me ya ji a bakin wasu, me yake so kotu ta yarda da shi, da kuma rauninsa. Masu ƙara su kira Ibn Asir, da Juwaini, da wani maƙeri daga Samarƙandu da aka kwasa zuwa gabas cikin masu sana'a, da wata mata da ta tsira daga Marwa. Biyun ƙarshe ba su da suna a tarihi, don haka kada a laƙa musu, kuma duk abin da za su faɗa ya fito daga kundi. Masu kariya su kira mai jan raƙumi ɗaya na ayarin Utrar da aka ce ya tsere ya kai labari, da ɗaya daga manzannin da aka aske, da Mahmud Yalwaj, Musulmi ɗan kasuwa wanda ya yi wa Jangis jakadanci daga baya kuma ya shugabanci yankin, sai Jangis da kansa.

Gargaɗi: kada shaida ya haddace katin kamar hadda. Da an yi masa tambayar da ba ta cikin jerin sai ya daskare. Mai taya shi ya riƙa jefa masa tambayoyi a baibai har ya saba.

6. Darasi guda a kan tambayar ƙure

Yaranmu sun iya jawabi, muhawara ta koya musu. Abin da ba su iya ba shi ne yi wa shaidar abokin hamayya tambaya. Suna miƙewa su yi wa'azi na minti biyu, sannan su ce "ko ba haka ba?" Ku ba wannan darasi cikakke. Ƙa'ida uku: tambaya gajera, amsarta i ko a'a, kuma kada ka tambayi abin da ba ka san amsarsa ba. Ga yadda wani ɗalibi ya yi wa mai wasan Juwaini a zamanmu na uku:

"Malam, a wace shekara aka haife ka?"
"1226."
"Marwa fa, yaushe ta faɗi?"
"1221."
"Ashe ba ka ga gawa ko ɗaya ba?"
"Ban gani ba, amma..."
"Na gode. Ya mai girma mai shari'a, ba ni da sauran tambaya."

Ya zauna. Abin da ya ƙawata shi ke nan, ya san inda zai tsaya. Lauyar masu ƙara kuma da ta tashi gyara ɓarnar, tambaya ɗaya ta yi: "Malam, wa kake yi wa aiki lokacin da ka rubuta wannan?" Ya ce Mongol. Ta juya ga majalisa ta ce ga bawansu da bakinsa yana faɗin abin da iyayen gidansa suka yi, me zai sa ya yi musu ƙage? Hujja ɗaya, kowane ɓangare ya ci da ita.

Ku koya musu ja iri uku kawai: maganar ba ta cikin kundi, maganar ba ta shafi tuhuma ba, ana tsangwamar shaida. Lauya ya miƙe ya ce "Ina da ja, ya mai shari'a," ya faɗi dalili a jimla ɗaya, alƙali ya ce an karɓa ko an ƙi. Kowane ɓangare ja biyar gare shi. In ba a ƙayyade ba, sai su mai da shi wasa.

7. Kayan aiki da abin da za a kashe

Kuɗin duk a fotokwafi yake. Kundi takwas: bibbiyu ga lauyoyin kowane ɓangare, uku ga majalisa, ɗaya ga alƙali, shafi 80 ke nan. Katin shaida 8, takardar ƙuri'a 11, duka shafi 99 ke nan. Ku lissafa da farashin shafi a unguwarku. Sai kwali biyu da maka don rubuta sunaye a rataya a wuya, da agogon waya. In kuɗi ya yi wuya, a rubuta hujjojin a manyan kwalaye a manna a bango mako guda, kowa ya kwafi abin da ya shafe shi. Guduma ba dole ba ce, ni dasta nake bugawa a tebur.

Teburin malami a gaba don alƙali, magatakarda a ƙasansa, kujerar shaida a dama inda kowa zai ga fuskarsa, majalisa a hagu, lauyoyi suna fuskantar alƙali. A jera da yamma kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗi: babu takobi, babu wuƙa, ko ta katako. Babu mai jan idonsa ko kwaikwayon harshe don ya yi kama da mutanen Asiya. Ku gaya musu mutumin da suke tuhuma shi ne uban ƙasa a Mongoliya ta yau, hotonsa na kan kuɗinsu, babban filin jirginsu sunansa yake ɗauke da shi. Shari'ar mutum ake yi, ba ta jinsi ba.

8. Ranar zama

Ku roƙi darasi biyu a jere, minti 80. Buɗe kotu da karanta tuhuma minti 5. Jawabin buɗewa minti 3 kowane ɓangare. Kowane shaida minti 6, uku ga lauyansa, uku ga mai ƙure. Jawabin rufewa minti 4 kowane ɓangare. Shawarar majalisa minti 8, hukunci minti 5. Lissafin ya cika 80 cif, ba rarar numfashi, ban da minti 5 na sassauci da ke mataki na 9, saboda haka in kuna da hali ku raba kwana biyu: masu ƙara yau, masu kariya da hukunci gobe. In ba hali, ku rage shaidu zuwa uku-uku.

Ɗan sanda ya ce "Kotu!" kowa ya miƙe. Magatakarda ya karanta tuhuma ɗaya bayan ɗaya, Jangis ya amsa kowace da kansa. Masu ƙara ne ke farawa, su ne kuma nauyin tabbatarwa ke kansu. Mai agogo ya ɗaga kwali idan saura daƙiƙa talatin, lokaci na cika alƙali ya datse magana ko a tsakiyar jimla ne. Ku yi wa mutum na farko haka ba sani ba sabo, sauran za su shiga taitayinsu.

Gargaɗi: kada a kawo Alƙur'ani ko Baibul don rantsuwa. Yaro zai yi magana da bakin wani mutum, wani lokacin ma ya kare abin da bai yarda da shi ba, ba a sa littafi mai tsarki cikin wannan. Ya ɗaga hannu ya ce ya yi alkawarin ba zai fita daga kundi ba, ya wadatar.

9. Hukunci, sannan sassauci

Majalisa ta fita baranda ita kaɗai. Kowa ya cike takardarsa tukuna kafin a buɗe baki: tuhuma ta ɗaya, da laifi ko babu, da lambar hujjar da ta gamsar da shi, haka har ta uku. Bayan nan su tattauna, su sake ƙuri'a. In ba a yi ta farko a ɓoye ba, mai ƙarfin murya ne zai ja sauran. Shugabansu ya karanta sakamakon kowace tuhuma daban da dalilinta. A wurina an taɓa wanke shi a ta ɗaya aka kama shi a ta uku, kuma irin wannan rababben hukunci shi ke nuna an yi tunani.

Duk alherin da ake jingina wa daular, nan ne wurinsa, ba lokacin shaida ba. Idan an same shi da laifi, a ba masu kariya minti 3 su nemi sassauci. Su kawo tsarin zango-zango na 'yan saƙo bisa dawaki da ya haɗa nahiyar, da amincin hanyoyin fatauci, da yafe wa malaman addinai haraji, da makarantar da surukarsa Sorkaktani, wadda Kirista ce, ta ba da kuɗin ginawa a Buhara. Masu ƙara su amsa a minti 2. Raba waɗannan biyu shi ya hana shari'ata ta biyu komawa irin ta farko, domin yaro ya gane gina makaranta daga baya ba ya amsa tambayar ko an kashe mutanen Marwa.

10. Maki da darasin washegari

Kada maki ya bi wanda ya ci shari'a, in ba haka ba majalisa za ta zaɓi abokai. Nakan ba da 20: takwas don amfani da hujja da lambarta, shida don tambaya ko amsa, biyu don kiyaye lokaci da ladabin kotu, huɗu don rubutun bayan zama. 'Yan majalisa da 'yan jarida ana auna su da abin da suka rubuta, masu taya shaida kuma suna raba maki da shaidunsu.

Washegari a mai da kujeru yadda suke, a cire kwalayen suna, kowa ya koma kansa. Wannan na da muhimmanci ga wanda ya yi Jangis, don kada sunan ya bi shi har ƙarshen zango. Sai kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan hujja mafi ƙarfi da ɗaya ɓangaren ya kawo, wadda shi ya kasa amsawa. 'Yan jarida su karanta kanun labaransu a bayyane, za ku ji zama ɗaya ya fito da fuska goma sha ɗaya, daga nan sai ku mai da su kan Ibn Asir da Juwaini da Juzjani ku tambaye su me ya bambanta. Kundin kuma a karɓe shi a ɗaure a ajiye don aji mai zuwa, amma kafin ku ajiye ku sa alama a kan duk hujjar da babu lauyan da ya taɓa ta, ku musanya ta da wata.